Muhawara: Me ke sa a ajiye littafi a tsakiya, kuma me ke hana a ajiye shi?

Mai_Koyon_Rubutu:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da wata tambaya da ta daɗe tana damuna, kuma ban ga inda ya fi dacewa in kawo ta ba irin wannan zaure da ya tara marubuta da masu karatu. Watanni uku da suka wuce na kammala daftarin ƙagaggen labarina na farko, mai babi 22, na ba mutum shida da nake ganin za su faɗa mini gaskiya. Biyu sun kai ƙarshe. Sauran huɗun kuwa, duk lokacin da na tambaye su sai su ce suna nan suna karantawa, sai da na matsa sannan na gano cewa uku daga cikinsu sun tsaya tsakanin babi na biyar da na bakwai, ɗayar kuma ba ta wuce na biyu ba. Babu wanda ya ce labarin ba shi da daɗi, kowa cewa yake yi hidima ce ta yi masa yawa. Zuciyata ta fi karkata ga cewa laifin waya ne, domin ta cinye haƙurin mutane har ba sa iya zama da dogon rubutu. Sai dai da na dubi kantar littattafaina, na ƙirga guda tara da ni kaina na bari da 'yar takarda a tsakiyarsu, wasu shekara biyu ke nan ban koma kansu ba. To mene ne ainihin abin da ke sa mai karatu ya ajiye littafi, kuma me marubuci zai yi ya riƙe shi?

Tsohon_Edita:
Wa alaikumus salam, Malama. Ina taya ki murnar kammala daftari, domin masu farawa suna da yawa, masu kaiwa ƙarshe ne kaɗan. Na shafe shekaru ina gyaran rubutun mutane kafin a kai shi maɗaba'a, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne, wannan magana ta hidima kara ce kawai ake yi miki. Wanda ya ce ba shi da lokaci, da labarin ya kama shi da ya hana idonsa barci har ya ƙarasa. Amma waɗannan mutum huɗu sun ba ki abin da ya fi yabo amfani, domin sun nuna miki wurin da igiyar ta tsinke. Mutum uku da ba su haɗa baki ba sun tsaya a yanki ɗaya, wannan kuwa ba ya faruwa haka kawai. Ki koma ƙarshen babi na huɗu ki tambayi kanki: wace tambaya ce mai karatu yake ɗauke da ita a ransa a daidai wannan wuri, wadda ba zai samu amsarta ba sai ya juya shafi? Idan kika kasa faɗinta cikin jimla ɗaya, to shi ma mai karatun ba ya jiran komai. Mafi yawan littattafan da aka ajiye ba cikin fushi aka ajiye su ba. Ana rufe su ne da niyyar komawa gobe, sai goben ta ƙi zuwa.

Dan_Laburare:
Ni kan batun waya zan tsaya. Ban musanta cewa tana raba hankali ba, amma ƙosawar mai karatu ta girmi waya da ƙarnuka masu yawa. Al-Jahiz, marubucin nan na Basra da ya rasu wajen shekarar 868 Miladiyya, ya bayyana a cikin littafinsa na dabbobi cewa da gangan yake cakuɗa zance mai nauyi da raha, yana fita daga wannan batu zuwa wancan, don kada wanda ke karantawa ya gundura. Ke nan sama da shekara dubu da suka wuce marubuci yana fama da abin da Malama take fama da shi yau. Haka nan idan muka duba tsarin Dare Dubu da Ɗaya, dukkan ginin yana kan mace mai ba da labari da ta san cewa ranar da mai sauraronta ya daina son jin ci gaba, ranar za ta rasa ranta. A Magana Jari Ce ma, wanda Abubakar Imam ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930, aku yana jero labari bayan labari ne don ya hana ɗan sarki fita daga gida. Marubutan zamanin da sun san cewa mai sauraro kullum ƙafarsa ɗaya tana bakin ƙofa. Abin da waya ta yi shi ne ta buɗe ƙofar ta bar ta a buɗe.

Ummu_Hanan:
Ni ba marubuciya ba ce, mai karatu ce kawai, don haka zan faɗi abin da ke kore ni. Babban abin shi ne yawan sunaye a farkon labari. Akwai littafin da na saya da ɗoki, amma kafin in gama babi na farko an gabatar mini da mutum sama da goma sha biyar, kowa da sunan mahaifinsa da matsayinsa a cikin dangi, har sai da na ɗauko takarda na fara zana wa ya haifi wa. Da na kai shafi na talatin sai na lura cewa aiki nake yi, alhali hutu na zo nema. Wataƙila wadda ta tsaya a babi na biyu irin wannan ne ya same ta, domin matsalarta daban take da ta sauran ukun.

Malamin_Halayya:
Abin da Ummu_Hanan ta faɗa yana da tushe a binciken ƙwaƙwalwa. A 2001 Nelson Cowan ya tattara bincike da dama ya nuna cewa abubuwan da mutum ke iya riƙewa a ransa lokaci guda ba su wuce kimanin huɗu ba, sai dai idan ya samu yadda zai ɗaure su wuri ɗaya. Suna maras hali ko aiki a tare da shi kaya ne zalla, amma sunan da ya zo tare da wani abu da mai shi ya aikata a gaban idonmu yakan zauna da kansa.

Game da tambayar da Malam Edita ya ce a nema kuma, George Loewenstein ya wallafa wata maƙala a 1994 inda ya bayyana son sani a matsayin giɓi tsakanin abin da mutum ya sani da abin da yake son ya sani. Muhimmin abin da marubuta kan manta a cikin wannan bayani shi ne, giɓin ba ya samuwa sai an riga an san wani abu. Wanda bai san komai game da al'amari ba, ba ya ɗokinsa. Shi ya sa marubucin da ke ɓoye komai da sunan jan rai yake korar mai karatu daidai da wanda ya zazzage komai a shafin farko. Akwai kuma binciken Bluma Zeigarnik na 1927 a Balin, wanda ya nuna cewa mutane sun fi tuna ayyukan da aka katse su a tsakiya fiye da waɗanda suka kammala, kuma da shi ake yawan kafa hujja wajen yanke babi a kan gaɓa.

Mai_Tantance_Zance:
Malam, a yi mini afuwa in ɗan yi gyara a kan na ƙarshen. Binciken Zeigarnik sananne ne, amma waɗanda suka maimaita gwajin daga baya ba duka ne suka samu irin sakamakonta ba, saboda haka bai kamata a ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Ko da ma an karɓe shi yadda yake, tuna abu daban, son komawa gare shi daban. Ina tune da littattafai da yawa da na bari a tsakiya, har ina iya faɗin inda na tsaya, amma ba ni da niyyar sake buɗe su.

Malamin_Halayya:
Na karɓi gyara, Malam, kuma bambancin da ka kawo tsakanin tunawa da son komawa ya fi abin da na faɗa daidai.

Bakon_Zaure:
Tunda an zo maganar yanke babi a kan gaɓa, bari in faɗi abin da ke ɓata mini rai da shi. Na taɓa bin wani labari da ake fitarwa kashi-kashi a intanet, kowane kashi yana ƙarewa da an buɗe ƙofa an yi salati, ko wani ya faɗi sumamme. Kashi na gaba ya zo, sai a tarar wanda ya shigo ɗin maƙwabci ne ya zo aron wani abu, suman kuma gajiya ce kawai. An yi mini haka sau uku ina haƙuri, a na huɗu na daina bi, kuma ban sake duba wani abu da wannan marubuci ya rubuta ba. Alƙawari kaya ne. Duk ƙarshen babin da ya tayar da hankali bashi ne marubuci ya ci, kuma mai karatu yana lissafin wanda aka biya da wanda aka cinye.

Mai_Fassara:
Ina goyon bayan Baƙon_Zaure, kuma akwai misali a tarihin adabin Ingila da ke nuna cewa ba tsalle-tsallen ƙarshen babi ne ke riƙe mutane ba. Charles Dickens ya fara fitar da labarinsa na Pickwick wata-wata a 1836, kuma kason farko 'yan ɗaruruwa kawai aka sayar. A kashi na huɗu ya shigo da wani bara mai suna Sam Weller, mai kaifin baki da barkwanci, daga nan ciniki ya ɗaga har ya kai kimanin kwafi 40,000 a wata kafin labarin ya ƙare a 1837. Ba wani asiri aka ƙulla a kashi na huɗun ba, mutum ne aka kawo wanda masu karatu ke son zama da shi. A ganina tambayar da Malam Edita ya ba da rabin aikin ce. Ɗaya rabin shi ne, wa abin zai faru da shi, kuma me ya dame ni da shi? Idan ban damu da tauraruwar labari ba, ko a bakin rijiya aka bar ta a ƙarshen babi zan iya yin barcina.

Tsohon_Edita:
Ban ƙi maganarka ba, Malam Mai_Fassara, sai dai ina ganin abu ɗaya muke faɗa ta fuska biyu. Ba mu damuwa da mutum a labari saboda an ce mana kyakkyawa ce ko mai kirki ne. Muna damuwa da shi ne idan muka ga yana son wani abu ƙwarai, kuma akwai abin da ya tsaya masa a hanya. Wannan buƙatar tasa ita ce ke zama tambayar mai karatu. Daftarin da ya fi ba ni wahala a aikina shi ne wanda tauraronsa ba ya neman komai, abubuwa ne kawai ke ta faɗo masa, yau rashin lafiya, gobe sharri, jibi gado daga sama, shi kuwa yana zaune ana yi da shi.

Hajiya_Mai_Tabarau:
'Ya'yana, ku bar ni in shigo da wata fuska, domin tun ɗazu ana magana kamar ajiye littafi wata musiba ce da ya wajaba a yi maganinta. Na yi shekaru ina tilasta wa kaina gama duk littafin da na fara, ina ganin barinsa kamar saɓa alƙawari ne, har sai da ido ya fara rauni na gane cewa kwanakin da suka rage ba za su ishi littattafan da nake so ba, balle waɗanda ba na so. Wata ma'aikaciyar laburare a Amurka, Nancy Pearl, tana da wata ƙa'ida da na ɗauka: ka ba littafi shafi 50, idan bai kama ka ba ka ajiye shi; idan kuma shekarunka sun haura 50, ka cire su daga 100, abin da ya rage shi ne adadin shafukan da za ka ba shi. Ni yanzu shafi 32 nake bayarwa, masu lissafi sai su gane shekaruna. Marubucin Faransa Daniel Pennac ma, a cikin haƙƙoƙi goma na mai karatu da ya jero a 1992, ya sanya haƙƙin tsallake shafuka da haƙƙin ƙin ƙarasa littafi.

Dalibin_Tattali:
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Wannan nauyin da kika ce kina ji a da, masana tattalin arziki sun san shi, wato mutum ya ci gaba da abu don kawai ya riga ya kashe kuɗi ko lokaci a kansa. A wani gwaji da Hal Arkes da Catherine Blumer suka wallafa a 1985, an sayar wa mutane tikitin kallon wasan kwaikwayo na zango guda a wata jami'a a jihar Ohayo, wasu a cikakken farashi, wasu da rangwame, sai aka ga waɗanda suka biya cikakke sun fi halarta a rabin farko na zangon. Abin da ya shafi Malama Mai_Koyon_Rubutu a nan shi ne, masu karatunta kyauta ta ba su daftarin, don haka babu abin da ya ɗaure su sai labarin kansa. Ni ina ganin wannan alheri ne a gare ta, domin ta samu ma'auni na gaskiya.

Mai_Hakuri_Da_Littafi:
Da girmamawa ga Hajiya, ni ban yarda da ƙa'idar shafi 50 ba. Littattafan da suka fi canza mini tunani, kusan duka sun wahalar da ni a farko, kuma akwai wanda sai da na fara shi sau uku cikin shekara shida kafin ya buɗe mini. Littafin bai canza ba, ni ne na girma na iso inda yake. Idan muka koya wa marubuta cewa duk wanda aka ajiye littafinsa ya yi kuskure, za mu wayi gari kowa yana rubuta abu iri ɗaya, mai gudu, maras zurfi, wanda ake gamawa da daddare a manta da safe.

Hajiya_Mai_Tabarau:
Ɗana, ajiyewa ai ba saki ba ne. Wanda ka fara sau uku, sau biyu ka ajiye shi ke nan, kuma da ka tilasta wa kanka a karon farko da wataƙila ka tsane shi har abada.

Mai_Lissafi:
Ga wasu alƙaluma da za su iya sanyaya wa Malama zuciya. A 2014 wani masanin lissafi, Jordan Ellenberg, ya ƙirƙiro wani ma'auni cikin raha: ya duba wurare biyar da masu karatu a Kindle, na'urar karanta littattafai ta kamfanin Amazon, suka fi ja wa layi a cikin littafi, ya ga a wane shafi suke, ya kwatanta da tsawon littafin. Idan duk layukan sun taru a farko, alama ce mutane ba su yi nisa ba. Littafin Stephen Hawking na 1988 kan tarihin lokaci ya samu kashi 6.6 cikin ɗari, babban littafin Thomas Piketty kan jari ya samu 2.4, labarin Donna Tartt da ya ci kyautar adabi ta Pulitzer a shekarar ta 2014 kuma ya samu 98.5. Littattafan da suka yi kasuwa a duniya ma ke nan ana barin su a hanya.

Mai_Tantance_Zance:
Shi kansa Ellenberg ya ce ma'aunin nasa na nishaɗi ne, ba na kimiyya ba, kuma akwai dalili. A ƙarshen wannan shekarar ta 2014 kamfanin Kobo, wanda na'urorinsa ke iya gane shafin da mutum ya kai, ya bayyana cewa kimanin kashi 44 cikin ɗari ne kawai na masu karatunsa a Birtaniya suka kammala wannan littafi na Tartt. Jan layi yana nuna inda jimloli masu daɗi suke ne, bai nuna inda mutane suka tsaya ba. Amma ko da adadin Kobo muka ɗauka, biyu cikin shida da Malama ta samu a daftarin farko da ba a gyara ba bai kai abin karaya ba.

Dan_Laburare:
Ya kamata mu raba littafin ilimi da ƙagaggen labari a wannan lissafi. Wanda ya karanta babi uku na littafin tarihi ko na tattalin arziki ya samu abin da ya zo nema, bai yi watsi da shi ba, ya gama amfani da shi ne. Abin da ke kore ni daga irin waɗannan littattafai shi ne in tarar tunani ɗaya ne da zai ishi maƙala mai shafi ashirin aka ja shi ya kai shafi ɗari uku, kowane babi yana sake faɗin abin da gabatarwa ta faɗa da sabon misali. Tsarin biyan kuɗi ma yana da hannu a tsawon littattafai. Tun daga watan Yulin 2015 Amazon ke biyan marubutan da ke cikin tsarinsa na aron littafi bisa adadin shafukan da aka karanta, abin da ke saka wa mai iya riƙe mai karatu, amma kuma yake jarabtar wasu su yi ta ja da labari.

Ummu_Hanan:
Ina da wata ɗabi'a da ƙawayena ke yi mini dariya a kanta: idan littafi ya fara ja mini rai, nakan leƙa shafin ƙarshe. Abin mamaki, sau da yawa sanin ƙarshen ne ke sa in koma in ƙarasa, domin sai in so ganin ta yaya aka kai can. Ko ni kaɗai ce haka?

Malamin_Halayya:
Ba ke kaɗai ba ce, Malama. A 2011 Jonathan Leavitt da Nicholas Christenfeld na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego sun ba ɗalibai gajerun labarai 12, wasu an faɗa musu ƙarshen tun kafin su fara, kuma waɗanda aka faɗa wa sun ɗan fi jin daɗin karatun. Kafin Malam Mai_Tantance_Zance ya riga ni, zan ƙara da cewa wasu binciken da suka biyo baya sun samu akasin haka. Duk da haka akwai darasi a ciki. Alfred Hitchcock, mai shirya fina-finai, ya taɓa ba da misalin mutane biyu da ke hira, bam yana ƙarƙashin teburinsu. Idan mai kallo bai sani ba, zai razana na 'yan daƙiƙoƙi lokacin da ya tashi. Idan kuwa an nuna masa bam ɗin da lokacin tashinsa, duk wata kalma ta hirar za ta zama abin fargaba na mintuna masu yawa. Sabbin marubuta sukan adana sirrinsu har babi na ƙarshe suna jiran su ba da mamaki, ba su san cewa masu karatu da yawa ba za su kai wurin ba.

Gwanar_Gyaran_Rubutu:
Akwai abin da ba a ambata ba, ƙarami ne a ido amma yana kashe karatu, wato kurakuran rubutu da sakin layi mai cika shafi guda babu numfashi, da hirar da ba a gane wa ke magana. Kowane kuskure yana fizgo mai karatu daga cikin labari ya dawo da shi kan takarda. Ɗaya ko biyu ana yafewa, amma idan suka yawaita sai mutum ya daina amincewa cewa marubucin ya san inda zai kai shi, daga nan kuma ko ƙaramin uzuri ya isa ya sa a rufe littafin.

Mai_Koyon_Rubutu:
Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar Baba Edita na koma na karanta daga babi na huɗu zuwa na bakwai a zama ɗaya, kuma abin da na gani ya ba ni kunya. A ƙarshen babi na huɗu tauraruwata ta gano wasiƙar da ke nuna cewa an ɓoye mata wani abu game da rasuwar mahaifinta. Maimakon in bi ta in ga me za ta yi da wasiƙar, sai na koma baya shekara ashirin, na shafe babi na biyar da na shida da rabin na bakwai ina ba da tarihin auren iyayenta da saɓanin kakanninta. Shafi arba'in da ɗaya ke nan ba a sake ganinta ba. Na kuma ƙirga sunayen da ke babi na farko saboda maganar Ummu_Hanan, na samu goma sha uku. Matsalata yanzu ita ce, wannan tarihin shi ne ɓangaren da na fi so a duk littafin, kuma ƙarshen labarin ba zai yi ma'ana ba sai da shi.

Tsohon_Edita:
'Yata, babu abin kunya a nan, kusan kowane daftarin farko da ya zo hannuna yana da irin wannan ramin, kuma kusan kullum shi ne wurin da marubucin ya fi ƙauna. Kin ɗora wa mai karatu tambaya mai kyau, sannan kika tafi kika bar shi da ita har ta huce. Shawarata ita ce kada ki zubar da tarihin, ki farfasa shi. Ki bar tauraruwar ta fita neman gaskiyar wasiƙar, kowane mutum da ta je wurinsa ya ba ta gutsure ɗaya, wani ya faɗi gaskiya, wani ya rage, wani ya ƙi magana. Ta haka abin da yake darasin tarihi a yanzu zai zama abin da take haƙowa da hannunta, mai karatu kuma yana haƙa tare da ita. E. M. Forster ya bambanta a 1927 tsakanin a ce sarki ya mutu sannan sarauniya ta mutu, da a ce sarki ya mutu sannan baƙin ciki ya kashe sarauniya. Ki duba kowane babi ki ga ko "sannan" ce ta haɗa shi da na bayansa ko "saboda haka".

Mai_Hakuri_Da_Littafi:
Ni kuma ina jin tsoron wannan shawarar, Malam. Mutum biyu sun karanta littafin har ƙarshe a yadda yake, kuma ba a tambaye su ba. Idan wannan dogon komawa baya shi ne abin da ya riƙe su fa? Akwai labaran da kyansu yake cikin natsuwarsu, idan aka farfasa su don a faranta wa masu gaggawa sai a rasa waɗanda aka samu, ba a kuma kamo waɗanda suka tafi ba. Ina ganin kafin Malama ta taɓa komai, ta fara tantance wa take rubuta wa.

Mai_Fassara:
Maganarka tana da nauyi, sai dai a tambayi mutum biyun abu takamaimai, domin idan aka ce musu "ya kuka ga littafin" yabo za su yi. A tambaye su a ina suka fara tsallake layuka, kuma a wane wuri suka ajiye shi ya kwana biyu kafin su koma. Wanda ya gama littafi ma yana da wuraren da ya kusa barinsa.

Mai_Koyon_Rubutu:
Na tura wa su biyun waɗannan tambayoyi yanzu. Ɗaya ta amsa nan take cewa babi na shida ta fi so a duk littafin, amma ta yarda ta leƙa gaba don ta tabbatar za a koma kan wasiƙar kafin ta ci gaba. Ɗayan bai amsa ba tukuna. Abin da nake tunani shi ne in bar babi na shida a dunƙule, in matsar da shi can gaba bayan tauraruwar ta sadu da gwaggonta, in farfasa na biyar da rabin na bakwai kamar yadda Baba Edita ya ce. Idan na gama, shin ya fi kyau in mayar wa mutum huɗun da suka tsaya, ko in nemi sababbin masu karatu da ba su taɓa ganinsa ba?